Mayafin da Na Rufa wa Murjani

'Yata ta fari ta bar mini teku a falo. Haka maƙwabta suke faɗa a unguwarmu ta Zangon Yendi, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Gaskiyar abin, akwatin gilashi ne da bai wuce kamu biyu ba, cike da ruwan gishiri da duwatsu masu ramuka, da kifaye biyu 'yan mitsi-mitsi masu ruwan lemo da farar ɗamara. A kan duwatsun kuma akwai murjani mai rai. Wani kamar shimfiɗar ciyawa, kore shar, yana rausaya idan ruwa ya kaɗa. Wani kamar maɓallan riga, kowanne da gezarsa, suna buɗewa suna rufewa. Wani faffaɗa kamar laimar kwaɗi. Sai guda ɗaya mai rassa kamar ƙahon barewa, can saman dutse, shi ne ta fi ji da shi. A bisa tankin an rataye wata doguwar fitila mai haske shuɗi da fari.

Yarinyar ta yi karatun halittun ruwa a kudu, a bakin teku. Shekara huɗu ta yi tana tara murjanin nan, wannan ɗan yanki daga wurin malaminta, wancan daga wata ƙawarta. Da ta gama ta taho da su a cikin robobi, ta rungume su a cinya tun daga tasha har gida. Da aka ɗaura mata aure da wani mai cinikin hatsi a Bawku, tankin bai bi ta ba. Hanya ba ta da kyau, ɗakin da suka kama kuma ba shi da sola, mu kuwa Malam, maigidana, ya sa mana sola da batir tun da ɗauke wuta ya ishe mu. Ta ce a riƙe mata amana har su daidaita.

Ana gobe za a kai ta, gida cike da mata, ta tsaya gaban tankin tana yi wa babanta bayani. Ta liƙa takarda a bango: abincin kifi tsunkule ɗaya safe da yamma, a ƙara tataccen ruwa idan ya sauka daga layin da ta ja, kada a kashe fankar da ke hura saman ruwan, ga lambar da ma'aunin zafi bai kamata ya wuce ba. Ana cikin haka aka yi sallama da Malam a waje, ya fita. Sai ta juyo wurina.

"Mma, zo in nuna miki maganar fitilar."

Ni 'yar Salaga ce, daga tsohon gida na fito, inda har yau uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta zuba masa ido a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. 'Yan zamani suna yi mini dariya a kan wannan, su ce Hajiya, kin yi sakandare fa. Na yi. Amma abin da aka shayar da kai da shi ba ya fita da alli da allo. Ranar nan kuwa dangin miji suna zaune, ga Yayata da ta zo daga Salaga tana kallona ta wutsiyar ido. Sai na ce na bar miya a wuta, na juya. Ina jin muryarta a bayana tana magana, na kama kalma ɗaya na saki uku. Maganar fitila ba ta cikin takarda, don akwai wani ɗan agogo da aka haɗa ta da shi, yana kunna ta yana kashe ta da kansa. A bakinta kawai bayanin yake, ni kuma na ba shi baya.

Wata biyar komai yana tafiya daidai. Na saba da su har ina gaishe su da safe. Idan na idar da lazimi sai in jawo kujera 'yar tsuguno in zauna ina kallon ciyawar nan tana kaɗawa, in ce tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan a ƙarƙashin ruwa, inda ba mai gani.

Sai damina ta kama sosai. Wata la'asar aka yi tsawa mai ƙarfi, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfinta, ɗan agogon fitilar ya ƙone har muka ji ƙauri. Malam ya cire shi, ya sa wayar fitilar kai tsaye a bango, ya ce in riƙa kunnawa da hannu kafin ya samo wani a Tamale. Kwana biyu bayan haka ya tafi ƙauyukan Karaga sayen 'ya'yan kaɗanya, kamar yadda yake yi duk shekara, tafiyar da ke cin mako uku.

A makon ne kuma mijin yarinyar ya kira. Ya gaishe ni da ladabi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce ta samu juna biyu, amma abin ya zo da laulayi, likita ya ce ta kwanta, kada ta yi aiki, kada a ɗaga mata hankali. Na ce Allah ya raba lafiya, muryata a sake kamar labarin wata ake ba ni. Da na ajiye wayar na shimfiɗa sallaya na yi ta yi mata addu'a.

Yaya ta ji labari ta taso daga Salaga don ta taya ni zama. Ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni, har yau idan ta yi magana nakan ji kamar zanen goyon yana bayana. Ranar da ta iso ana suna a gidan da ke kusa da mu. Da aka watse mata suka biyo ta wurina, kamar yadda suka saba, su ga teku. Suka cika falon, suna nuni da yatsa, suna manna fuska a gilashi. Wata baƙuwa da ban sani ba ta dafa ƙirji ta ce wannan kyau ya yi yawa, ita ba ta taɓa ganin irinsa ba, mai abin nan ta dace. Ta faɗa har sau uku, ba tubarkalla ko ɗaya. Na ga Yaya ta haɗe rai.

Washegari ɗaya daga cikin kifayen ya ƙi cin abinci.

"Kin gani ko?" in ji Yaya. Tana zaune a tabarma tana ɓare goro. "Ke dai ba kya girma. Abin mace mai ciki ne kika baje wa duniya, kowa ya zo ya zuba masa baki."

"Yaya, kifi ne fa. Wataƙila ya ƙoshi."

"Kifi ne yau. Na wa ne kifin? Mai shi tana ina yanzu? Tana kwance ko tana tsaye?"

Ta jefa ɓarin goro a baki ta ci gaba.

"Murjanin wuya na Innarmu a ina kika taɓa ganinsa? A ƙasan adaka, cikin tsumma, cikin wani tsumman. Shekara nawa ya yi bai dushe ba? Ke kuwa kin kunna wa naki fitila kamar shagon tela, ana hango shi daga titi."

Na san kambun baka gaskiya ne, na kuma san maganinsa addu'a ce, ina yin ta safe da yamma. Amma zuciyar uwa ba ta ƙoshi da abin da ta sani, kullum tana neman abin da hannu zai yi. Ba zan iya zuwa Bawku in zauna a bakin gadonta ba, sai a ce uwar 'yar fari ta zubar da kunya. Abin da ke gabana shi ne tankin. Ga kuma wani tausayi da ya daɗe yana damuna: kifayen nan ba su da fatar ido, yini guda haske yana dukansu. Na ce a raina ai hutu ma zan ba su.

Na buɗe akwati na ɗauko mayafina mai kauri, ruwan makuba, wanda nake zuwa Idi da shi. Na rufe gaban tankin da gefunansa biyu, na maƙale da abin shanya, na bar saman a buɗe saboda fanka. Na kashe fitilar. Daga ranar sai lokacin ba da abinci nake ɗaga mayafin in kunna ta, ina gamawa in kashe in mayar. Kifin nan ya ci abincinsa da yamma. Yaya ta dube ni ta gyaɗa kai. Bayan kwana huɗu ta koma Salaga da kwanciyar hankali.

A mako na farko ban ga wani canji ba, sai dai maɓallan suna miƙa wuya sama, sun yi tsawo. Na ce girma suke yi. A mako na biyu koren ciyawar ya fara komawa ruwan ƙasa, rabinta ta daina fitowa, sai wata fata ruwan hanta a manne da dutse. Na ƙara musu abincin kifi, ina tsammanin yunwa ce, na murmushe shi da yatsa na barbaɗa a kansu. Ruwan ya yi duhu-duhu. A mako na uku na ɗaga mayafin wata safiya na ga mai rassan nan ya yi fari daga gindi, fari irin na ƙashi, naman jikinsa yana saɓulewa kamar tsohon fenti. Maɓallan duk sun dunƙule. Kifayen ne kaɗai suke yawonsu.

Abin da na fara tunani shi ne bakin matar nan ya riga ya kama kafin in rufe. Na ƙara wani zane a kan mayafin.

Yarinyar tana kiran babanta, ni kuma ta turo mini gaisuwa ta bakinsa, haka muka saba. Sau biyu ta kira wayata kai tsaye, muka gaisa a gajarce. Ta ce, "Mma, yaya mutanena?" Na ce suna nan. Ban yi ƙarya ba, suna nan ɗin. Amma bayan na ajiye waya sai da na yi istigfari.

Malam ya dawo ranar wata Laraba da hantsi, duk ya yi baƙi, yana warin kaɗanya. Ya sha ruwa, ya shiga falo, ya tsaya.

"Hajiya, wa ya rasu?"

"Wace irin magana ce wannan, Malam?"

"Na ga an lulluɓe tanki kamar makara."

Na ba shi labari, da baƙuwar, da kifin, da Yaya. Ya ɗaga mayafin ya kunna fitila, ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Dariyar da ya shigo da ita ta tafi.

"Kira ta za ki yi."

"Likita ya ce kada a ɗaga mata hankali."

"To ki jira su mutu duka, sannan ki gaya mata. Wannan ne ba zai ɗaga mata hankali ba?"

"Kai ka kira ta mana. Kai ne kuke hira."

"Ni na rufe?" Ya zauna yana cire hula. "Ni dai abin da na sani, da fitilar tana ci lafiyarsu ƙalau. Ba ni da ilimin abin, amma ko dawa aka kifa wa ƙwarya ai fari take yi."

Maganar dawar nan ta shige ni. Na tuna yadda ciyawa take yi a ƙarƙashin turmi idan ya daɗe a wuri ɗaya. Sai na ga kamar zan iya gyara ɓarnata ba tare da kowa ya ji ba. Da Malam ya fita kasuwa na yaye mayafin da zanen, na murɗa fitilar har ƙarshen ƙarfinta, na zuge labulen tagar yamma, rana ta faɗo a kan gilashin sosai. Na ce ku sha, ku rama abin da na hana ku.

Kafin la'asar 'yar ciyawar da ta rage ta shige gaba ɗaya. Masu kama da laimar kwaɗi suka tattare, suna fitar da wani yauƙi kamar kuɓewa. Na duba ma'aunin zafi na ga ya haura lambar da ke takarda. Kifayen suka taso sama suna haki. Na ja labule da sauri.

Na yi sallar la'asar ban san me na karanta ba. Ina zaune a kan sallaya na ga abin a fili. Halittu ne masu rai, ba su da ƙafar gudu, ba su da bakin kuka, an ɗauko su daga inda Allah ya ajiye su an damƙa mini. Duk wanda ya tsare mai rai, cinsa da shansa suna wuyansa, wannan tun muna makarantar allo muka sani. Idan aka tambaye ni gobe, me zan ce? In ce kunya ce ta hana ni tambaya?

Na ɗauki waya na kira ta da kaina. Ina jin ƙarar shigarta ina fatan kada ta ɗauka.

"Mma? Lafiya?" Muryarta ta tashi, don ban taɓa kiranta ba.

"Lafiya lau. Kina kwance?"

"Ina kwance."

"To ki ci gaba da kwanciya. Kada ki tashi, kada ki ɗaga murya. Laifi na yi miki, zan faɗa, amma sai kin yi mini alkawari ba za ki sa shi a rai ba."

Na faɗa mata duka, ban rage komai ba, har ranar da na juya mata baya na ce miya tana wuta, alhali ko tukunya ban ɗora ba. Ta saurare ni har na kai ƙarshe. Sannan ta ce in mayar da kiran na bidiyo in nuna mata. Na haska mata dutse bayan dutse. Da na kai kan mai rassan sai na ji ta ja numfashi.

"Wannan ya tafi, Mma."

"Ki yafe mini."

"Tsaya tukuna. Koma kan ciyawar. Matso. Fatar tana nan manne ko tana ɓarewa?"

"Tana manne."

"Maɓallan fa, suna wari? Sa hancinki a saman ruwan."

Na sunsuna. "Warin teku dai, kamar kullum."

"To da sauran rai." Sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda hawaye ke biye da ita. "Wane mayafin kika rufa musu?"

"Na Idi."

"Ruwan makuban? Mma, ni ko aro ba ki taɓa ba ni shi ba."

Daga nan ta yi mini bayanin da na guje wa, a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Ta ce murjani dabba ne, amma a cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani. Su ne suke shan haske su yi masa abinci, su ne kuma suke ba shi launi. Fitilar nan ba ado ba ce, ita ce tukunyarsu. Abincin kifin da nake barbaɗa musu kuwa ruwan kawai yake ɓatawa.

"Azumin dole kika sa su, mako uku ba sahur ba buɗe-baki," in ji ta. "Yau kuma kika tashi kika ɗura musu tuwo malmala biyar a lokaci ɗaya. Wanda ya kai azumi da me ake fara masa?"

"Dabino. Sai koko."

"To koko za ki ba su."

Ta tambaya ko akwai ragowar ragar sauro da aka sa wa tagogi. Akwai, a ɗakin ajiya. Ta ce in yanka guda huɗu daidai faɗin bakin tankin, in jera su ɗaya bisa ɗaya tsakanin fitila da ruwa. In mayar da ƙarfin fitilar inda ta sa alama da jan farce, alamar da ban taɓa lura da ita ba. Duk mako in cire raga ɗaya. Rana kuwa kada ta sake taɓa gilashin, zafinta ya fi haskenta yawa. Ta ce in goge gilashin fitilar da ɗanyen tsumma bayan na kashe ta ta huce, don gishirin da ke bushewa a kai yana cin rabin hasken. Babanta kuma ya canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan yau, ya sake bayan kwana uku.

"Yaushe zan kunna, yaushe zan kashe? Agogon ya ƙone."

"Ai kin fi agogon. Yaushe kike ɗora sanwar rana?"

"Sha ɗaya saura."

"Kullum?"

"Kin taɓa cin abincin rana a makare a gidan nan?"

"To idan kin ɗora ki kunna. Idan kin idar da Isha'i ki kashe. Kada ki ƙara musu don tausayi, kada ki rage musu don tausayi. Mma, kin ji? Tausayin nan naki ki ɗaure shi."

Na ce na ji. Kafin mu ajiye na tambaye ta ko maganar ta tayar mata da hankali. Ta ce mako uku ke nan tana kallon silin, yau ne aka ba ta abin yi.

A daren farko ban bar ragar haka tsirara ba. Na yi wa kowacce kalmasa a keken ɗinki don kada zare ya faɗa ruwa, Malam ya fasa gora ya yi mata katanga huɗu da za ta zauna a kai. Yana ɗaurewa yana tsokanata, wai daga mayafi an koma gidan sauro, saura katifa. Na miƙa masa ragar ya ɗora.

Jiran ne ya fi wuya. Kwana biyar ba abin da ya motsa. Nakan kunna fitilar in tsaya da ludayi a hannu ina leƙe, har wata rana wake ya kama a tukunya. Kullum bayan azahar ina ɗaukar hoto in tura mata, ita kuma ta dawo mini da tambaya. Mai rassan ya gama farinsa, wani gansakuka ya fara hawansa, ta ce in cire. Na sa hannu na ɓanɓaro shi, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na wanke shi na shanya, na rasa inda zan jefar da shi, sai na binne shi a gindin zogale.

Rana ta shida, ina goge gilashi, na ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo a kan fatar nan ruwan hanta, kamar ƙuraje. Na ce wata cutar ce kuma. Na jawo tabarau na duba. Daga kowane ɗigo wani ɗan kai ne yake leƙowa, siriri kamar gashin jariri. Na ƙirga bakwai. Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji sanyin siminti.

Ranar Juma'a na cire raga ta farko. Juma'a ta biyu, maɓallan suka fara buɗe baki, ba duka ba, kuma ba su da launin da na sani, sun yi ruwan shayi. Ta ce launi shi ne yake dawowa a ƙarshe, in yi haƙuri. A tsakanin nan Yaya ta kira daga Salaga.

"Na ji an ce kin yaye."

"Na yaye, Yaya. Ashe haske ne abincinsu. Sun kusa mutuwa."

"Abincinsu." Ta yi tsaki. "Mai cikin fa?"

"Da sauƙi. Jiya har ta zauna ta ci tuwo."

"To. Mako ukun da aka rufe ai bai tafi a banza ba."

Wadda ta goye ka ba a kayar da ita a waya. Na ce Allah ya saka da alheri, ta ce amin, ta kuma ce in dai sai na bar shi a buɗe, to in riƙa tare mata tun daga ƙofa. Wannan kam na karɓa. Duk wadda ta zo ganin teku yanzu, kafin ta cire takalmi nake ce mata ta shigo da tubarkalla a bakinta. Suna dariya, suna faɗa.

Raga ta ƙarshe ce ta fi ba ni tsoro, don na tuna abin da cikakken haske ya yi musu a hannuna. Na cire ta da bisimilla ranar Juma'a ta huɗu, na kunna fitila, na koma kicin na hana kaina leƙe har na sauke. Da na dawo ciyawar tana tsaye, ba ta shige ba. Asabar ma haka. Ranar Lahadi da azahar ta rufe dutsenta kusan duka, ban da wani gefe kamar tafin hannun yaro da bai dawo ba har yau. Koren bai kai na da ba, amma kore ne. Maɓallan sun baje gezarsu, masu laimar sun kwanta faffaɗa a kan dutse kamar an yi musu guga.

Na kira ta na juya wayar ga tankin. Ta zuba masa ido. Ina jin ƙarar fankarta daga can Bawku, da muryar wata mai tallan koko a bayan tagarta.

"Matsa hagu kaɗan, Mma. Tsaya nan. Ƙirga mini maɓallan da ke kan ƙaramin dutsen."

"Goma sha tara. Akwai wasu biyu ƙanana a gefe, ban sani ba ko a sa su."

"Ƙanana? Da babu su. Sababbi ne."

"Haihuwa suka yi?"

"Haihuwa suka yi."

Na ce alhamdu lillahi, na sake faɗa. Wani abu da ya yi wata biyu a tsakanin kafaɗuna ya sauka. Ta ce kada in motsa wayar, tana so ta ɗan kalle su. Na riƙe da hannun dama har ya gaji, na mayar hagu, na jingina gwiwar hannuna da bayan kujera. Malam ya leƙo yana tambayar abinci, na yi masa nuni da ido ya je ya zuba da kansa.